Bana a Cika Na Farko

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, takalma sun cika matakalar gidan Baba a garin Greenbelt, nan ƙasar Turawa, tun daga bakin ƙofa har ƙasa wajen akwatunan wasiƙa. Gidan haya ne a hawa na biyu, ɗaki biyu da falo, ban taɓa zaton zai ɗauki mutane haka ba. Maza a falo a kan darduma, mata a ɗakin Inna, waɗanda suka rasa wuri suna tsaye a baranda cikin sanyin Nuwamba suna hura hannu. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Baba," ni kuma ina amsawa kamar rediyon da aka manta a kunne.

Wani likita mutumin Kano da ke zaune a Annandale, wanda suka taɓa yin shekara guda ba sa ga-maciji da Baba, shi ya fi kowa kuka. Ya raɓe a lungu ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Tsohuwar Baturiyar da ke ƙasanmu ta hauro da kek a faranti, ta ga takalma, ita ma ta tuɓe nata ba wanda ya ce mata, ta zauna cikin mata ba ta jin ko kalma ɗaya. Matan Filato da na Kudancin Kaduna, yawancinsu nas-nas da suka taso daga aiki da fararen kayansu, su suka karɓe kicin daga hannun matata. Ina wucewa na ji ɗayarsu tana cewa, "To bana wa zai ƙwanƙwasa mana ƙofa da nama kafin Kirsimeti?" Sai kicin ɗin ya kaure da kuka.

Aminin Baba, wanda muke kira Baba na Largo don a garin Largo yake zaune, Kirista ne mutumin Pankshin, ya tsufa yana aikin nas a asibiti. Aka nuna masa kujerar Baba ya ƙi, ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafarta. Duk wanda ya yi masa gaisuwa sai ya girgiza kai ya ce, "Sarkin Baka ya yi mini wayo. Ni na girme shi da wata biyar, amma ya riga ni."

Kowa a gidan nan ya san abin da ya rasa, yana faɗa a fili ana ba shi haƙuri. Ni nawa ba ya faɗuwa. A aljihuna akwai ƙananan katuna biyu na izinin harbin barewa, ɗaya da sunan Baba, ɗaya da nawa, dukansu na ƙarshen Disamba. Baba ya ce in cika mana na Oktoba, na cika na Disamba, ya rasu a tsakaninsu. Ni na hana mahaifina farautarsa ta ƙarshe, da hannuna, da biro, kuma har aka rufe shi ban san ko ya tafi da abin a ransa ba. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, don yaranmu da muke yi wa Hausa suna amsawa da Turanci su san irin mutumin da suka fito daga tsatsonsa. Amma ba zan ɓoye ba, ina rubutawa ne kuma don bakina ya kasa.

Baba jikan maharba ne daga wani ƙauye a ƙasar Lere. Malamin dabbobi ne, aka turo shi kwas, kwas ya zama aiki a wata gonar gwamnati da ake binciken shanu nan kusa da Greenbelt, aiki ya zama zama, daga baya ya aika muka biyo shi. Ya haƙura da duk abin da ƙasar nan ta ɗora masa, sanyinta da cin abinci a tsaye da maƙwabcin da ba ya amsa sallama, amma bai taɓa sakin jiki da naman kanti ba. Yakan juya shi a leda yana yatsina ya ce, "Naman da ban ga idonsa ba, ban san da wa nake cin tuwo ba."

Akwai wani daji a duwatsun yamma, tafiyar awa biyu in babbar hanyar Beltway ta yi kirki ba cunkoso. Masu kula da dajin sukan ba da izini na musamman. Da damina ake cika fom, a ciki akwai akwati biyu, dole ka zaɓi ɗaya: lokacin farko, a Oktoba, sa'ad da ganye ke ja kuma gari bai yi sanyi ba, ko lokacin ƙarshe, a ƙarshen Disamba, bayan ƙanƙara ta sauka. Daga nan sai su aiko maka da ɗan kati mai igiya, wanda suke kira tag, in ka kashe barewa ka ɗaura mata a ƙafa. Bindigar da aka yarda a shiga da ita kuwa adaka ce, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ranar da Baba ya ji wannan dokar ya yi dariya har da hawaye. "Bindigar kakana!" in ji shi. "Mu muna ɓoye ta a bayan rumbu, su sun ware mata lokacinta."

Ni ɗan fari ne. Bahaushe ya san abin da wannan ke nufi, amma saboda yaran nan bari in faɗa. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. "Yayansu" suke ce mini. Ba ma zama mu yi hira, ba ma haɗa ido ya daɗe. Duk abin da Baba yake so in ji, ƙanwata Auta yake gaya wa, ita da aka haifa a nan, mai hawa hannun kujerarsa tana cire masa hula. Ina zaune kamu ɗaya da shi sai ya dube ta ya ce, "Ki gaya wa wanda ya sayi mota ba shawara cewa tayar baya ta gaji." Auta ta juyo ta maimaita mini da Turanci tana dariya, ni kuma in ce, "Ki ce an ji." Abokaina Turawa da suka ga haka sun ɗauka ba ma shiri. Ba su san a wurinmu wanda aka fi ji a rai shi aka fi kau da kai daga gare shi ba.

A daji kuwa wannan alkunya ba ta zama aibi ba, domin farauta ba ta son surutu. Shekara goma sha biyar muna zuwa tare. Mu fito da asuba, mu yi salla a gefen mota, mu shiga mu jingina da itace ɗaya, kafaɗa na taɓa kafaɗa, mu yi awa biyar ba wanda ya ce uffan. In muka kamo hanyar gida sai in ji kamar mun yini muna hira. Ban da waɗannan kwanaki na Disamba, ban san wani wurin da nake da mahaifina ni kaɗai ba.

Kullum na ƙarshe yake cikawa, kuma dalilin ma a bakin tuwo na ji shi, yana ba Auta labari. "Shekarata ta farko na cika na farko, don ina tsoron sanyi," in ji shi. "Na harbi wata, harsashi ya same ta ta baya, ta gudu. Ƙasa duk jan ganye. Ki gaya mini, ta yaya za ki ga jini a kan jan ganye?" Kwana biyu yana nemanta, a na uku ungulaye suka nuna masa inda take, ta zama mushe. Ya ce ya ɗauki rai bai ci ba bai ciyar ba, ya dawo gida ya yi azumi uku. Tun daga nan bai sake kallon akwatin farko ba. "Ƙanƙara ba ta ƙarya," yakan ce. "Ko ɗigo ɗaya ne za ta nuna maka." Yakan ƙara da cewa a Disamba uwa ta yaye ɗanta, kuma sanyi ba ya barin nama ya ɓaci a hanya. Masu zuwa a Oktoba ya sa musu suna maharban ganye, kuma ba ya jin nauyin faɗa musu a gaban idonsu.

Duk shekara sai sun yi wasa ɗaya shi da Baba na Largo, wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, yana cewa shi maharbin tukunya ne. Da Oktoba ta kama sai ya bugo waya.

"Sarkin Baka, mutane sun ci nama har sun yi sakace, kai kana jiran ƙanƙara?"

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji Baba.

"Sai dai a daɗe ba a je ba!" Sai su kwashe da dariya kamar yau suka fara jin maganar.

Baba ba mafaɗaci ba ne, amma na ga fushinsa sau ɗaya, kuma likitan Annandale ne ya sha shi. Ya matsa sai an tafi da shi, aka tafi da shi, ya zo da sababbin kaya tun daga hula har takalmi. Wajen hantsi ya harbi namijin barewa a cinya, namijin ya gudu. Muka bi jini kamar rabin awa, sai likita ya duba agogo ya ce, "Baba, ina da baƙi a gida ƙarfe huɗu. Mu bar shi, ai suna da yawa." Baba ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullin mota ya gani. Likita ya ba shi, Baba ya jefa a aljihun ƙirjinsa ya ja zif.

"In ka tsaga mutum a asibiti, kana barinsa a buɗe ka tafi wajen baƙi?"

"Haba Baba, ai ba ɗaya ba ne."

"A wajenka. Shi mai cinyar bai san da haka ba."

Sai bayan la'asar muka same shi kwance a gindin wani dutse yana numfashi sama-sama. Baba ya miƙa wa likita wuƙa ya ce ya yi bismilla ya ƙarasa abin da ya fara. Shekara guda likitan bai taka gidanmu ba, amma rabonsa na nama bai fasa isa ƙofarsa ba.

Rabon naman nan shi ne sallar Baba. A kicin yake fiɗa, a kan ledar da ya shimfiɗa, yana yi yana ƙunshewa a takarda, ba ya rubuta suna amma bai taɓa rikita na wani da na wani ba. Tsohuwar ƙasanmu da farko ƙararsa ta kai wajen mai kula da gidajen, ranar da ta ga ƙafar barewa ta leƙo daga but ɗin mota. Baba ya gasa kilishi a oben ya aika Auta ta kai mata, daga shekarar ita ke tsare shi a matakala tana tambaya ko lokaci ya yi. Yakan loda ƙunshin a tsohuwar motarsa mai dogon baya, ya fara da gidajen Kiristoci don bikinsu ya matso, Largo da kewaye, sannan ya tsallaka Annandale. "Na yanka da bismilla, ku ci da addu'arku," yake ce musu a bakin ƙofa, ba ya ko zama. In ya dawo Inna ta buɗe firji ta ce, "Matar maharbi, sai wuya da ƙashi." Shi kuma ya ce ai romon yana wuya.

Ni nake cika mana fom, don ya ce rubutunsa na malaman dabbobi ne, saniya kaɗai ke karantawa. Wata Lahadi a cikin Agusta na zo da fom ɗin bayan azahar. Shekarar ce Auta ta tafi jami'a a wata jiha mai nisa, saboda haka babu wanda za a bi ta kansa. Na zauna a tebur na cire murfin biro. Baba yana kujerarsa yana kallon taga, sai ya ce wa tagar, "Bana a cika na farko."

Na ɗago. "Na farko, Baba?"

"Na farko."

A kicin na ji Inna ta daina motsa tukunya. Na jira ko zai ƙara wani abu, bai ƙara ba. Tambaya ɗaya ce ta rage a yi, kalma biyu, "Me ya sa?" Auta da tana nan da ta yi ta kafin ya rufe baki. Ni kuwa ɗan fari ba ya tambayar uba dalili. Na ninke fom na sa a jaka na ce zan ƙarasa a gida.

A hanya na yi wa kaina fassara, kuma na ji daɗin fassarar. Na tuna a Disambar da ta wuce na ga yatsunsa sun ƙage yana ɗura bindiga, har albarushi ya zube a kan ƙanƙara, na kau da kai kamar ban gani ba. Na ce sanyi ne ya fara fin ƙarfin tsoho, kuma yana jin nauyin faɗa. Na hango Baba na Largo yana shelar cewa Sarkin Baka ya koma maharbin ganye, na ce ba da ni za a yi wa mahaifina wannan ba. In sanyi ne, ai sanyi yana da magani a kanti. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: hutuna na wajen aiki na riga na sa shi a Disamba, kuma a Oktoba akwai wani aikin gada da nake so a ga ni na kammala shi. Na sa alama a akwatin ƙarshe, na liƙe ambulan, na jefa a akwatin gidan waya ina jin kaina ɗa na gari.

Katunan suka iso gidan Baba a Satumba. Lahadin da ta biyo na zo da katuwar riga mai gashin agwagwa a ciki, da safar hannu, da takalmi mai ɗumi. Na tarar ya riga ya buɗe ambulan, katunan biyu suna kan tebur a jere. Na gaishe shi ya amsa. Na ajiye kayan a gabansa, na ce wa iska, "Na ga kamar sanyi ne, shi ya sa na sayo waɗannan." Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara, har da ɗan murmushi, "Kuma ai ƙanƙara ba ta ƙarya."

Maganarsa na ɗauka na rufe masa baki da ita. Inna ta fito bakin kicin da ludayi a hannu ta ce, "Yayansu..." Baba ya ɗaga hannu, ta haɗiye sauran ta koma. Ya daɗe yana kallon kwanan watan da ke jikin katin. Sannan ya dafa kujera ya miƙe, ya ɗauki rigar ya sa, cikin zafin Satumba, ya ja zif har wuya, ya sa safar hannu, ya tsaya a tsakiyar falo zufa tana tsattsafo masa a goshi. "Madalla," in ji shi. "Ta yi daidai. Allah Ya yi albarka." Ba ta yi daidai ba, ta yi masa yawa ƙwarai, kafaɗun sun zubo. Na ce a raina na yi kuskuren lamba, sai na canza masa.

Har yau ina mamakin makantata. Na ga ya huda sabon rami a bel ɗinsa. Na ga yana tura tuwo gefe yana cewa ya ci a baya. Na ga farin idonsa ya sauya. Amma wanda aka horar da kau da kai ba ya rasa inda zai kau da shi. Wataƙila waya ɗaya da ta isa a sauya katunan, ban sani ba. Shi bai nema ba, domin in ya nema sai ya faɗi dalili. Oktoba ta zo ta wuce ina kan gadata.

A makon farko na Nuwamba ya faɗi a kan darduma bayan sallar la'asar. A barandar asibiti Baba na Largo ya ja ni gefe ya gaya mini. Ciwon daji ne a hanta. Tun Yuli aka gano, shi da kansa ya ga idon Baba ya tasa shi gaba zuwa wajen likita, kuma likita ya ce kada su sa rai da sabuwar shekara. Ban taɓa ɗaga murya a gaban babba ba sai ranar.

"Kun sani! Kai da Inna kun sani kuka bar ni!"

"Ya rantsar da mu, ɗana. Ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Don me? Ni ba ɗansa ba ne?"

"Don kai ɗansa ne. Ya ce in ka sani za ka fara kallonsa kamar maras lafiya, kana riƙe masa hannu, kana ɗaukar masa bindiga. Shi kuwa so yake ku je sau ɗaya ku zauna yadda kuka saba."

Na jingina da bango. Abin da ya roƙa ke nan, zama ɗaya a gindin itace, kuma ya roƙa ta hanyar da ya iya.

Kwana biyu kafin ya cika, Inna ta tara mu a gefen gadonsa, Auta ta dawo, muka shiga neman gafara ɗaya bayan ɗaya. Auta ta kwanta a ƙirjinsa tana kuka tana magana da harshe biyu, yana shafa kanta. Da aka zo kaina na durƙusa na ce, "Baba, a yafe mini." Idonsa yana kan silin ya ce, "Na yafe wa kowa, duniya da lahira." Kowa. Ni ba kowa nake nema ba. So nake in ce fom ɗin nan, Baba, akwatin nan, maganar da na mayar maka. Kalmomin suka zo har baki, kunyar shekara talatin da bakwai ta tare su. Na ce, "Na gode," na tashi na ba na baya wuri. Ya cika da safiyar Talata, ina ƙasa ina neman wurin ajiye mota.

Mutane sun yi ta ba ni haƙuri suna cewa na yi sa'ar uba, ya rabu da ni lafiya. Ina amsawa da amin. In na shiga ɗakinsa ɗauko wa Inna wani abu sai in ga rigar a rataye a bayan ƙofa, takardar kanti tana lilo a hannunta. Na kasa gaya wa matata, na kasa tayar da maganar da Inna, ita ma ba ta tayar ba. Mu biyu muka ci gaba da abin da muka iya, muna gaisawa muna kallon ƙasa.

Sadakar arba'in ta faɗo a makon da aka rubuta a jikin katunan. Ƙanƙara ta sauka da safe, irin wadda Baba yake so, mai laushi, ba iska. Aka yi addu'a, aka ci waina, mutane suka fara neman takalmansu. Wajen la'asar Baba na Largo ya ce in raka shi mota, gwiwarsa ba ta son santsi. Da muka isa bai tayar da motar ba, ya ce in shigo in rufe ƙofa.

"Akwai abin da Babanka ya ce kada in gaya maka. Na riƙe kwana arba'in, ya isa. In ya so ya yi mini faɗa in na je." Ya goge gilashi da hannun rigarsa. "Ya je dajin nan a Oktoba. Ni na kai shi."

Na juyo gare shi, ya ci gaba.

"Ranar Laraba ce, kana wajen aiki. Ba bindiga, ya ce ba shi da izini kuma ba zai fara karya doka da tsufa ba. Daga mota zuwa itacen nan naku sau huɗu muna hutawa. Muka zauna. Ni ka san bakina, ya ce in na yi tari zai bar ni a nan."

"Ya yi maganata?"

"Bari in gaya maka yadda aka yi. Mun fi awa biyu. Ina jin numfashinsa, na ɗauka ma barci ya ɗauke shi. Sai ga wani namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, ƙato, ƙahonsa kamar reshe, bai fi taku talatin ba. Ban ankara ba sai na ji hannunsa a gwiwata. Ya taɓa sau biyu, a hankali, idonsa yana kan barewar. Na juya na dube shi. Sai ya janye hannun da sauri ya ce, 'Yi haƙuri. Na ɗauka yaron ne.'" Baba na Largo ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni. "Na tambaye shi a hanya ya ƙi faɗa. Mene ne ma'anar taɓawar nan, ɗana?"

Adaka harbi ɗaya gare ta. Kafin ka sake ɗurawa daji ya watse, saboda haka in mutum biyu suna zaune, ɗaya ne zai harba, ɗayan ya haƙura. Ban taɓa lissafawa ba sai a cikin motar nan: duk shekarun da muka yi, barewar farko ba ta taɓa fitowa ba tare da na ji hannun nan a gwiwata ba. Ni kuwa ina ɗauka don idona ya fi nasa ne.

"Taka ce," na ce. "Abin da yake nufi ke nan. Taka ce, harba."

Ƙanƙara tana ta taruwa a kan gilashi. Ban san abin da ya sa na tambaya ba, amma na ce, "Namijin barewar fa? Me ya yi?"

"Ya tsaya," in ji Baba na Largo. "Ya daɗe a tsaye, ɗana. Babanka ma bai motsa ba. Su biyu kamar kai suke jira."

Allah Ya jiƙan mahaifina, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da alheri gwargwadon ƙofofin da ya ƙwanƙwasa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Ni kuma, in da hali, a roƙa mini abin da na durƙusa a gabansa na kasa ambata.